Ita Ce Mai Jego, Ita Ce Kaka

Magana zarar bunu ce, Nobuko Karasawa ta san haka tun tana yarinya, amma ranar da ta faɗi tata ba ta tsaya yin lissafi ba. A wani asibiti ne a Nagoya, washegarin ranar da likitoci suka cire wa 'yarta Shiho mahaifa saboda ciwon daji. Shiho na kwance ta juya fuska bango, amarcin aurenta ma bai gama sakinta ba. Nobuko ta rasa abin faɗa, sai ta kama ƙafar 'yar tana matsawa, ta ce, "Da ana ba da aro, da na ba ki tawa. Ga ta nan zaune, ba ta aikin fari ba ta na baƙi."

Lallashi ne kawai irin na uwa. Ta koma ƙauyensu cikin duwatsun Nagano, ta ci gaba da aikin gonar tuffa ita da mijinta Isamu, har ta manta ta faɗa.

Shiho kuwa ba ta manta ba. Bayan shekara biyu, ana gama tsinkar tuffa, sai ga ta da mijinta Naoki. Ba su zauna kamar 'yan gida ba, durƙusawa suka yi a kan tabarma kamar masu neman aure.

"Mama, kin tuna abin da kika ce mini a asibiti?"

Ta yi bayani a hankali, da alama ta daɗe tana bitarsa. Likitoci sun bar mata ƙwayayenta na haihuwa. Akwai likitan da yake haɗa ƙwan mace da na mijinta, ya dasa a mahaifar uwarta, uwar ta raini cikin har ta haife. Ba ya yi wa bare, sai tsakanin uwa da 'ya ko 'yan'uwa.

Isamu ya ajiye kofin shayinsa. "Ke kin san shekarun uwarki kuwa? Hamsin da biyar fa."

"Baba, sai ya gwada ta tukuna. In bai ga lafiya ba, ba zai taɓa ta ba."

Naoki ya sunkuya, goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

Nobuko ta dubi hannuwanta. Bara-bara aka binne surukarta, wadda Nobuko ta yi jinyarta shekara da shekaru, ɗauka, wanki, ciyarwa a baki. Kwanan nan ne ta fara sanin daɗin barcin da ba mai kira a cikinsa. Har sun shirya da ƙawarta Teruko za su je wurin wankan ruwan zafi na dutse, su yi kwanaki ba girki ba wanke-wanke. Ta ɗaga kai don ta ce a bari ta yi tunani, sai ta ga yadda leɓen Shiho yake rawa. Ita kaɗai gare ta.

"To, a gwada," in ji ta.

A ranta ta yi fatan gwajin ya kayar da ita. Da sai ta zama uwar da ta yarda, likita ne ya ƙi, kowa ya fita kunya. Amma hawa tsani da ɗaukar akwatin tuffa sun gina ta. Likitan ya duba zuciya, ya duba ƙoda, ya yi murmushi ya ce jikinta ya fi na wasu 'yan arba'in. Shiho ta rungume ta a bakin ƙofa tana kuka. Nobuko ta bubbuga mata baya.

Aka shiga ƙwayoyi da allurai don a tayar da mahaifar da ta daɗe tana barci. Jinin da ya yi mata sallama tun tuni ya dawo, har sai da ta tuƙa mota zuwa wani gari ta sayi audugar mata, don kada mai kantin ƙauyensu ta yi mata kallon tambaya. Dashen farko bai kama ba. Na biyu ya kama, ya zube. Duk lokacin da ta ɗauki waya ta gaya wa Shiho, sai ta ji bakinta yana cewa, "Ki yi haƙuri," kamar wadda ta fasa tulun aro. Isamu ya ce ya isa haka. Shiho ta ce sau ɗaya kacal, Mama, sau ɗaya. Na ukun ya zauna, daidai lokacin da dusar ƙanƙara ta fara narkewa a gindin itatuwa.

Cikin Shiho, shekara talatin da suka wuce, Nobuko ta yi shi ne tana gona har ranar naƙuda. Wannan kuwa tun daga watan farko ya nuna mata shi ba wasa ya zo yi ba. Warin shinkafa in ta nuna yana tayar mata da zuciya. Barci yana kama ta a tsaye. Lokacin rage 'ya'yan tuffa ya zo, aikin da ta fi kowa iyawa a kwarin nan, amma likita ya hana ta tsani. Sai ta bi rassan ƙasa tana tsinka, Isamu na sama shi kaɗai, yana aiki yana tsaki.

Ba su gaya wa kowa ba. Rigar gona mai faɗi ce, ta rufa asiri wata da watanni. Nobuko ta daina zuwa taron matan unguwa, ta ce ƙugu ke damunta. Da zafi ya tsananta, lokacin da ake zuwa share kaburburan iyaye, Teruko ta gaji da jiran kira. Ta shigo ta ƙofar baya ba sallama, kamar yadda ta saba tun suna 'yan makaranta, da kankana a hannu. Ta tarar da Nobuko kwance a gaban fanka da 'yar shimi.

Teruko ta tsaya. Ta dubi cikin, ta dubi fuskar, ta sake duban cikin.

"Nobu-chan, ƙari ne? Gaya mini gaskiya. Ƙari ne?"

"Ba ƙari ba ne. Ciki ne."

Teruko ta dire kankanar a hankali. Daidai nan Isamu ya shigo yana goge wuya da tawul.

"Tabɗi! Isamu-san, ashe ana yi maka kallon busasshen reshe, kai kuwa da sauran ruwa a jikinka!"

"Ke dai bakinki ba ya tsufa," in ji Isamu, kunnuwansa sun yi ja. Ya juya ya koma inda ya fito.

Nobuko ta yi dariya har da hawaye, rabonta da dariya ta manta. Sannan ta ba ta labarin duka. Teruko ta saurara tana yanka kankana, wasan ya bar fuskarta.

"To ke, so kike yi?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya tambaye ni haka, sai ke."

"Wawuya. Tun muna aji ɗaya ba ki iya cewa a'a ba. Ungo, ci." Ta miƙa mata yanki. "Bakina kuma a ɗinke yake. In na ji wata ta ce wani abu, zan ce ƙiba ce ta rashin aikin yi."

Da cikin ya shiga wata shida, Shiho ta ajiye aikinta ta dawo gida don ta kula da uwarta. Ta zo da na'urar awon jini da littattafan renon ciki. Ƙafafun Nobuko sun fara kumbura, likita ya ce a rage gishiri, Shiho ta mayar da ragi hani. Miyar miso, wadda gishiri ne daɗinta, ta koma ruwan ɗumi mai launi. Gangar ganyen da Nobuko take dannewa da gishiri duk shekara, wanda ba a cin shinkafa a gidan sai da shi, aka fitar da ita zuwa rumfar ajiye tuffa. Isamu ya ci abincin kwana biyu, ya fara ɓoye kwalbar miyar waken soya a aljihun rigar gona.

Kullum safe Shiho za ta durƙusa gefen shimfiɗa. "Ya motsa? Da ƙarfi? Mama, kin kwanta ta hagu kuwa?" In Nobuko ta yi tari, sai ta ji gudun ƙafa a baranda. In ta sunkuya za ta ɗauki tsintsiya, sai a fizge. Ta zama kamar tukunyar da aka ɗora a wuta, kowa na leƙa abin da ke ciki.

Wata rana da hantsi, Shiho ta tafi kanti, Nobuko ta lallaɓa rumfar tuffa. Ta ɗaga dutsen da ke kan gangar, ta zaro ganye guda, ta zauna a kan akwati tana ci da hannu, ruwan gishirin na bin gwiwar hannunta. Ba ta ji dawowar mota ba.

"Mama!"

Shiho na tsaye a ƙofa, ledar cefane a hannu, fuska ta yi fari.

"Guda ɗaya ne."

"Dutsen nan ke kika ɗaga? Kin san nauyinsa? Kin san abin da awonki ya nuna yau da safe? Ɗana ne fa a cikin nan! Ba ni da wani, ba kuma zan samu wani ba!"

Nobuko ta gama tauna abin da ke bakinta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ƙarfin hakan.

"Na sani naki ne. Ni ma dai ina cikin jikin nan, Shiho. Tun da kika zo, kullum sai kin tambayi yadda ya kwana. Ni ban kwana ba. Rabona da barcin kirki tun furen tuffa. Haƙorina ɗaya yana girgiɗi. In na tashi tsaye sai na ga taurari. Ban ce kin yi laifi ba, ni na ce a gwada. Amma ki bar ni in ci ganyena guda ɗaya."

Ledar ta sulale daga hannun Shiho. Ta zo ta zauna a ƙasa, kan siminti, ta jingina da akwatin da uwar ke kai. Ana jin ƙarar injin feshin Isamu can ƙasan gona.

"Ina jin tsoron in tambaye ki," in ji Shiho can. "In kika ce kin gaji, me zan yi? Ba zan iya karɓar miki ba ko na yini ɗaya." Ta share hanci da bayan hannu. "Jiya a asibiti wata mata ta ce mini, 'Kin kyauta da kike rako mamanki.' Ni ce 'yar rakiya. Ko yadda motsinsa yake ban sani ba. A littafi sun ce kamar kifi."

"Wane kifi? Ƙarya suke yi. Kamar mutum ne yana gyara kayan ɗaki cikin duhu, yana ta karo da bango." Ta jawo hannun 'yar ta ɗora a ƙasan haƙarƙarinta. "Ga shi nan. Nan yake sa ƙafa. Ke ma nan kika riƙa sawa, har yau wurin bai yafe miki ba."

Shiho ta yi dariya cikin kuka. Daga ranar ta kan tambayi uwar yadda ta kwana, duk da dai Nobuko na ganin idonta yana gangarawa kan cikin kafin a gama ba ta amsa. Gishirin kuma bai dawo ba.

Tsinkar tuffa ta kama gadan-gadan, itatuwa sun yi ja har rassa na neman karyewa, Isamu ya ɗauki 'yan ƙwadago, Teruko na taya shi tantancewa. A cikin wannan hidimar ne wata safiya Nobuko ta tashi da ciwon kai kamar ana sara mata gatari, tana ganin ƙofa biyu. Shiho ta ɗaura mata na'ura, ta dubi lambar, sai ta ruga gona tana kiran Baba. Cikin bai cika wata tara ba. Likita ya ce ba za a jira ba, aiki za a yi yau.

Isamu ya bi gadon da ake turawa har ƙofar ɗakin tiyata, da takalmin gona da ganye a hularsa. Mutumin da bai taɓa riƙe hannunta a gaban mutane ba ya kama yatsunta ya ƙi saki, sai da ma'aikaciyar jinya ta ce masa, "Baba, nan ne iyakarka."

Mace aka ciro, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na kyanwa. An nuna wa Nobuko ita ta saman labule, ta ga tafin ƙafa ja, aka wuce da ita kwalba. Abin da ta fara ji ba murna ba ce. Ji ta yi kamar an sauke mata buhu daga ka bayan doguwar tafiya, wuyan ma ya manta yadda ake miƙewa. Murnar ta zo daga baya, da aka tura ta a keke ta hango Shiho ta gilashi, ta zura hannu cikin kwalbar, jaririyar ta damƙe mata ɗan yatsa. Suka sa mata suna Koharu.

Jinin Nobuko ya ƙi sauka da wuri, ta daɗe a asibiti. Ruwan nono ya zo mata, ƙirji ya yi tauri kamar dutse, aka ba ta maganin da zai busar da shi. A wurin hukuma kuwa wadda ta haifa ita ce uwa, don haka Isamu, da furfurarsa, shi ya je ofishin gari ya rubuta Koharu a matsayin 'yarsa, kafin Shiho da Naoki su bi hanyar kotu su karɓe ta. Ma'aikacin, wanda ɗan abokinsa ne, ya miƙe ya rusuna ya ce, "Barka da arziki," sannan ya rasa inda zai sa idonsa. Kafin sati ya zagayo duk ƙauyen sun ji. Wasu suka aiko da kayan barka, wasu suka daina gaisuwa da kyau. Nobuko ta ga ba ta da ƙarfin damuwa da ko ɗaya.

A al'ada, 'ya takan koma gidan uwarta ta yi jego, ta kwanta uwar na yi mata hidima. Da aka sallami Koharu, gidan Nobuko aka kawo ta. Sai dai a nan mai ɗinki a ciki ita ce kuma kakar da ta san yadda ake komai. Shiho na ƙoƙari iyakar ƙoƙari, ita ke tashi haɗa madara, ita ke wanki, amma in za ta yi wa jaririyar wanka sai ta kira uwar.

"Mama, zo ki ga, ruwan ya yi zafi? Mama, me ya sa take wannan kukan? Mama, ta ƙi yin gyatsa."

Sai Nobuko ta dafa bango ta tashi, hannu ɗaya a kan ɗinkin. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne, in Koharu ta ƙi yin shiru a hannun kowa, da an ɗora ta a ƙirjinta sai ta yi luf. Shiho na gani, takan kau da kai. Don haka Nobuko ta koyi miƙa ta da wuri, tun kafin ta gama jin ɗuminta, ta ce hannunta ya gaji. Wani lokacin gaskiya ne.

Naoki ya zo hutun sabuwar shekara don ya tafi da iyalinsa. Ranar ƙarshe suna zaune a gajeren tebur mai bargo, ƙafafu a cikin ɗumi, dusar ƙanƙara na zuba a waje. Ya sha giyar shinkafa kaɗan tare da surukinsa, bakinsa ya saki. Ya yi godiya mai tsawo. Sannan ya ce, "Likita ya ce akwai sauran ƙwai biyu a ajiye cikin sanyi. Ba yanzu ba, ba yanzu ba sam. Na dai ce, in Mama ta warware... kada Koharu ta tashi ita kaɗai."

Isamu ya dire kofinsa da ƙarfi. Nobuko ta taɓa gwiwarsa ta ƙarƙashin bargo don kada ya tanka. Ta dubi Shiho. Jira take 'yar ta ce wa mijinta, haba, ba ka ga yadda ta koma ba? Shiho na riƙe da Koharu, idonta a kan kwanon da ke gabanta. Ba ta goyi bayansa ba, ba ta kuma tsawata masa ba. Nobuko ta gane shirun. Ba ta ji haushi ba, ta san yadda kwaɗayin ɗa yake.

"A'a," in ji ta. "Naoki-san, ba zan iya ba. Wannan na yi, kuma da za a mayar da ni baya, domin yarinyar nan zan sake yi. Amma na biyu babu. Abin da ya rage a jikin nan ina so in tsufa da shi."

Naoki ya sunkuya yana ba da haƙuri, ya ce giya ce, bai kamata ba. Shiho ta ɗago, idonta ya cika, ta gyaɗa kai kawai.

Washegari suka loda mota. Shiho ta rungume uwar a bakin ƙofa, ta daɗe ba ta saki ba, ta ce, "Ki riƙa shan maganinki." Nobuko ta leƙa kujerar baya, Koharu na barci, an naɗe ta sai hanci. Ba ta taɓa ta ba, don kada ta tashe ta. Motar ta gangara a hankali saboda santsi.

Sati biyu waya ba ta yi ƙara ba. A na uku Shiho ta kira, wai ƙuraje sun fito wa Koharu a wuya, me ake shafawa? Suka yi magana a kan ƙuraje, suka zarce kan madara, daga nan kiran ya koma na kullum. Maganar ƙwan nan biyu ba wanda ya sake tayar da ita.

Ƙarfin Nobuko bai dawo duka ba. Hawan jinin ya zauna, haƙorin ya fita, likita ya ce ita da tsani sai dai kallo. Da lokacin sassabe rassa ya zo, Isamu ya sayar wa maƙwabci gonar da ke kan gangare, suka riƙe ta kusa da gida. Yana sama yana yanka, ita tana ƙasa tana tara rassan da suka faɗo, in ta tara kaɗan sai ta zauna a kan akwati ta huta.

"In kin gaji ki shiga ciki," ya ce daga sama.

"Na gaji."

"To shiga mana."

Ta kakkaɓe safar hannunta, ta bi sawun da suka yi a kan ƙanƙara ta koma gida. Rana tsaka ce, ko abincin rana ba ta ɗora ba. Ta ja bargo ta kwanta.